Kuɗin Talla Zai Kori 'Yan Damfara Daga Shafin Saye da Sayarwa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni da abokaina biyu mun buɗe shafin saye da sayarwa a intanet a nan Birnin Kebbi, shekara ɗaya ke nan. Mutane suna saka tallar waya, babur, shinkafa, albasa da ɗakin haya, duk kyauta. Yanzu 'yan damfara sun shigo mana. Cikin wata biyu an cuci mutum huɗu, uku a kan babur, ɗaya a kan ɗakin haya. Abokaina sun ce mu sa naira ɗari biyar a kan kowace talla, duk macuci zai gudu. Ni dai ina shakka. Kuɗin zai kore su?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Shakkar da kake yi tana kan hanya. Naira ɗari biyar za ta rage muku shara, amma mutumin da ya cuci waɗannan bayin Allah huɗu ba zai gudu ba. Biya zai yi, kuma shi zai riga kowa biya. Abu biyu ɗan damfara yake tsoro: a san ko shi wane ne, da kuma a riƙe kuɗin mai saye har sai kaya sun shiga hannunsa. Na yi shekaru a teburin karɓar koke na wani banki a garin nan, teburin da wanda aka cuta yake fara zuwa kafin ya nufi wurin 'yan sanda, kuma yawancin abin da zan gaya maka a can na koye shi.

Mu fara da lissafi. Ɗan damfara ɗan kasuwa ne, sai dai hajarsa ƙarya ce. Yana sayen data, yana sayen layin waya, yana neman asusun da kuɗi za su faɗa, yana ba yaron da zai je ya ciro masa a wurin mai POS kasonsa. Kuɗin tallarku ƙari ne kawai a kan waɗannan. A ce ya saka tallar babur ashirin a wata, kowace a ɗari biyar, dubu goma ke nan. In mutum ɗaya tak ya faɗa, ya tura masa dubu ɗari biyu kafin alƙalami, nawa ya yi asara? Je ka Yauri ko Argungu ka tambayi masunci ko tsadar koto ta taɓa hana shi fita neman giwan ruwa. In kuma kuka ce za ku ɗaga kuɗin har sai ya yi wa macucin ciwo, to sai kun kai shi inda babu mai gaskiyar da zai iya biya, domin ribar macuci ɗari bisa ɗari ce, shi kuwa mai gaskiya sai ya cire uwar kuɗi tukuna.

Duk da haka, abokanka ba su yi kuskure gaba ɗaya ba. Akwai irin mutanen da kuɗi yake kora. Akwai mai saka talla ɗaya sau talatin don ta danne ta kowa. Akwai mai watsa saƙon "danna nan ka cike fom ɗin tallafi" wanda sai ya jefa ƙugiya ɗari kafin ya kama ƙaramin kifi ɗaya. Akwai yara masu wasa. Duk waɗannan ribarsu a yawan tallar take, kuma da zarar kowace talla ta zama da farashi sai lissafinsu ya rushe. Shafin Craigslist na Amurka, wanda Craig Newmark ya fara a San Francisco a 1995, ya bi wannan hanya. Yawancin rukunansa kyauta ne, amma a 2006 ya sa dala goma a kan tallar gidan haya da dillalan New York suke sakawa, saboda sun cika wurin da maimaici, sannan a 2019 ya sa dala biyar a kan tallar mota ta masu sayar da tasu. Shara ta ragu. Amma har yau shafin yana ɗauke da gargaɗin da ya daɗe yana yi: ka yi ciniki da na kusa da kai ido da ido, kuma kada ka tura wa wanda ba ka gani ba kuɗi. Da kuɗin talla ya gama maganin matsalar, da sun sauke wannan gargaɗi tuntuni.

Tunanin ma ba sabo ba ne. A 2004, a taron tattalin arzikin duniya na Davos, Bill Gates na kamfanin Microsoft ya ce cikin shekara biyu za a gama da saƙonnin banza na imel, kuma ɗaya daga cikin dabarun da ya kawo ita ce a sa wa mai aika saƙo ɗan kuɗi kamar kan sarki. Shekara biyun ta wuce, ashirin ma ta wuce, kan sarkin bai samu karɓuwa ba. Na'urorin tacewa da tabbatar da ainihin mai aikawa su ne suka rage abin.

Yanzu ga inda na fi so ka natsu, domin nan ne kuɗin yake komawa ya ciji mai shafi, illa ta farko ke nan. Duk lokacin da mutane suka san ana biya kafin a saka talla, sai su saki jiki. A ransu, wanda ya biya an san shi. In kuma kuka ƙara da wata alama, tauraro ko tambari, ko kuka ɗaga tallar wanda ya biya zuwa sama, to kun ɗinka wa macuci babbar riga da hannunku.

Wata rana da hantsi, bayan cire tallafin mai na 2023, lokacin da manoman rani suka koma neman injin ban ruwa mai aiki da hasken rana saboda fetur ya gagare su, wani dattijo daga wajen Argungu ya zo teburina. Ya zauna, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya miƙo mini takardar mai POS da ya ninke huɗu. Ɗansa ne ya nuna masa tallar a waya: injin da faifan sola da bututu, a farashin da bai kai na kasuwa ba, wai kamfani ne yake rage kaya. Sun yi waya da mai tallar sau uku, har ya turo musu hoton kayan a bakin tasha an rubuta sunan dattijon a jikin kwali. Aka ce ya tura rabi, sauran in kaya sun iso. Ya tura. Da yamma aka sake kira, wai an tsare direba a hanya, sai an cika kuɗin kafin a sake shi. Ya cika. Washegari layin ya mutu.

Na tambaye shi abin da ya sa ya yarda da mutumin da bai taɓa gani ba. Ya dube ni kamar na yi tambayar wauta. Ya ce, "Yallaɓai, ai shina da tambari. Yaro ya ce min wanda ad da tambarin ga, an tantance shi." Na karɓi wayar na duba. Tambarin ba na tantancewa ba ne. Alama ce kawai da shafin yake sa wa duk wanda ya biya don a ɗaga tallarsa. Macucin ya sayi amincewar dattijon nan da kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa ba.

Muka bi sawun kuɗin. Sun faɗa asusun wata yarinya ɗaliba a wata jiha mai nisa, kuma kafin awa ɗaya an rarraba su gida uku an cire. Da aka samu yarinyar daga baya, sai ta ce wani ne ya ba ta 'yan dubbai ta buɗe asusun ta miƙa masa kati da layin. Ba ta ma san sunansa na gaskiya ba. Dattijon ya mayar da hularsa, ya ce Allah ya isa, ya fita. Shinkafar da ya sayar ya haɗa kuɗin ta damina ce gaba ɗaya.

Kada ka ɗauka wannan sai ƙauye. A Nuwamban 2022, bayan Elon Musk ya sayi Twitter, aka mayar da shuɗin tambarin nan na tantancewa abin sayarwa, dala takwas a wata, kowa ya biya ya samu. Cikin 'yan kwanaki wani ya buɗe asusu da sunan kamfanin magani na Eli Lilly, ya biya dala takwas ɗinsa, ya rubuta cewa maganin insulin ya zama kyauta. Dubban mutane suka yaɗa, kamfanin ya fito yana ba da haƙuri a kan abin da bai faɗa ba, Twitter kuma ta dakatar da shirin ba shiri. Mutanen da suka yarda da wannan saƙo masu karatu ne, da wayoyi masu tsada. Tambarin suka gani, kamar dattijona.

Illa ta biyu ita ce wanda kuɗin zai kora. Matar da take sayar da turaren wuta daga cikin gida a Badariya, ribarta a kwalba nawa ce da za ta biya ɗari biyar ba tare da tabbacin ciniki ba? Ɗalibin da yake son rabuwa da tsohuwar wayarsa fa? Manomin albasa a Aliero mai buhu biyar? Duk za su koma inda suka fito, su saka a WhatsApp, ko Facebook Marketplace da aka buɗe tun 2016, ko Jiji, inda talla ta yau da kullum ba ta buƙatar ko sisi. Ku ɗauka kuna da masu talla ɗari, biyar macuta ne. Kun sa kuɗi, masu gaskiya sittin sun tafi, macuta biyu sun tafi. Yanzu uku ne cikin talatin da takwas. Adadinsu ya ragu, amma mai saye ya fi kusa da faɗawa hannunsu fiye da da. Masanin tattalin arziki George Akerlof ya bayyana irin wannan tun 1970 da misalin kasuwar tsofaffin motoci: inda mai saye ba zai iya bambance mai kyau da marar kyau ba, masu kayan kirki su ne suke fara janyewa, har kasuwar ta zama ta ragowar. Aikin yana cikin abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2001. Kuma shafin talla ba shi da wata kadara sai taron jama'a. Sana'ar da wuya take ko ga manya: OLX, wadda ita ma shafin talla ce, da duk kuɗinta ta rufe ofishinta na Najeriya a 2018, a 2019 kuma Jiji ta karɓe harkar tata.

Akwai kuma ɓangaren da abokanka suka manta da shi ɗungurungum. Ba duk macuci ne mai talla ba. Da yawa masu saye ne. Zai kira mai waya, su haɗu, ya duba, ya yaba, ya ce ya tura, ya nuna hoton shaidar turawa, saƙo ma ya shigo wayar mai kaya kamar daga banki. Alat na bogi. Kafin mai kaya ya buɗe manhajar bankinsa ya ga babu komai, mutumin ya hau acaba. Wannan bai taɓa saka talla ba, don haka ko dubu goma kuka sa ba ta shafe shi ba.

Illa ta uku ta shafi zuciyarku ne, kuma ba zargi nake yi ba. Ranar da macuci ya zama mai biyan ku, ranar ce korar sa ta zama asara a wurinku. Shi ne zai sayi talla ashirin, shi ne zai biya a ɗaga ta sama, shi ne ba ya neman ragi. A Nuwamban 2025 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito, daga takardun cikin gida na Meta mai Facebook da Instagram, cewa kamfanin ya taɓa ƙiyasta kusan kashi goma cikin ɗari na kuɗin shigarsa na 2024 daga tallace-tallacen damfara da haramtattun kaya za su fito, kuma waɗanda ake zargi amma ba a tabbatar ba, maimakon a kore su sai a ƙara musu farashin talla. Meta ta ce ƙiyasin ya yi faɗi da yawa. Ko ma yaya ne, ka ga dabarar abokanka ce a babban sikeli, kuma masu damfarar sun ci gaba da biya. Sannan ka tuna kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Yau in aka cuci mutum kuna iya cewa kyauta kuke yi. Gobe in kun karɓi kuɗi, wanda aka cuta zai zo ƙofarku ya ce da ku aka ci, kuma a garin da kowa ya san gidan su kowa, wannan magana ba ta wankuwa da sauƙi.

To mene ne yake aiki? Amsar tana kara, ba sai an je Amurka ba. Ka shiga kasuwar dabbobi ranar ci, a Jega ko Ambursa ko duk inda ka sani. Akwai kuɗin da ake karɓa a bakin shiga, a yanka wa mutum rasit. Mai gaskiya yana biya, wanda ya koro saniyar sata ma yana biya, har da murmushi. Ba mai rasit ne yake tare shi ba. Dillali ne. Baƙo ba ya sayar da sa a kara sai ta hannun dillalin da zai tsaya masa, kuma dillalin zai tambaye shi daga wane gari, wa ya sani, wa ya san shi. In daga baya aka zo cigiya, wuyan dillalin za a kama, a kai shi gaban shugabansu, ya biya ko ya fito da mutuminsa. La'adar da ake ba shi ba kuɗin shiga ba ce, ladan ɗaukar alhaki ce. Haka fatoma yake a zango: shi yake saukar da baƙo, ya ajiye kuɗinsa, ya tsaya masa a kan bashi. Wani Bature masanin zamantakewa, Abner Cohen, ya zauna a Sabon Ibadan a farkon shekarun 1960 yana nazarin yadda Hausawa suke cinikin shanu da goro na maƙudan kuɗi bashi, babu banki babu takardar kotu, ya tarar duk ginin a kan masu gidan nan da suke saukar da baƙi yake, waɗanda sunansu shi ne jarinsu. Ku a yanzu masu rasit kuke son zama. Dillalai ya kamata ku zama.

A intanet ma an gwada, an ga wanda ya yi nasara. A 2003 eBay, shafin saye da sayarwa na Amurka, ita ce take riƙe da kasuwar Sin ta hannun kamfanin EachNet da ta saya, kuma tana karɓar kuɗin saka kaya. Alibaba ta Sin ta buɗe nata shafin, Taobao, a shekarar, ta ce talla kyauta ce. Amma ta zo da Alipay: mai saye ya biya, kuɗin su tsaya a tsakiya, mai kaya ya aika, sai mai saye ya ce kaya sun iso lafiya sannan a saki kuɗin. A ƙarshen 2006 eBay ta sanar da rufe shafinta na Sin. Wanda yake karɓar kuɗin talla ya tafi, wanda ya riƙe amana ya zauna. Haka nan a 2022 gwamnatin Singafo ta fara auna shafukan ciniki tana ba su maki ɗaya zuwa huɗu a kan kariya daga damfara. Abin da ta duba shi ne ko ana tabbatar da ainihin mai sayarwa, ko akwai amintacciyar hanyar biya, ko wanda aka cuta yana da inda zai kai kuka, da kuma yawan koken da ake samu. Facebook Marketplace ɗaya ta samu, Amazon da Lazada huɗu. Tsadar talla ba ta cikin ma'aunin.

Wannan ya kawo mu ga ɗan amfanin da yake ɓoye cikin shawarar abokanka, wanda su kansu ba su lura da shi ba. Biya yana barin sawu. Ba yawan kuɗin ne abin dubawa ba, daga ina suka fito. Naira ɗari da ta fito daga asusun da sunansa ya yi daidai da sunan mai talla, kuma shi ne asusun da aka yarda masu saye su tura wa kuɗi, ta fi dubu biyar da aka biya ta hannun mai POS. Ƙasar nan ta riga ta yi muku rabin aikin. An fara BVN a 2014, an umarci a haɗa layukan waya da NIN a Disamban 2020, a Disamban 2023 kuma Babban Banki ya ce har ƙananan asusu sai da BVN ko NIN. Na san za ka ce ai ga yarinyar can da ta sayar da asusunta. Gaskiya ne, ana yi. Amma duba bambancin: talla ana sayen ta sau ashirin a rana, asusun aro kuwa sai an nemo mutum, an lallashe shi, an biya shi, kuma da zarar an kai ƙara an toshe shi ya ƙone ke nan. In duk cuta ɗaya a shafinku tana cin wa macuci asusu ɗaya da layi ɗaya da fuska ɗaya, zai tattara ya koma inda ba a tambaya. Ba shiryuwa ya yi ba, wurin ne ya yi masa tsada ta hanyar da ba ta taɓa mai turaren wuta ba.

Da ni ne ku, ƙananan kaya zan bar su kyauta, in dai iyakance talla uku ko huɗu a wata ga kowane layi, wanda ya wuce haka ɗan kasuwa ne, ya biya. Kuɗi da tantancewa sai in kai su inda ake tafka babbar asara: babur, mota, fili, gidan haya, injuna, da tallar ɗaukar aiki. A waɗannan rukunai ba za a saki talla ba sai ɗayanku ya kira mai ita ta bidiyo, ya nuna fuskarsa, ya nuna babur ɗin, ya tayar da shi, ya nuna lambar inji da rasit, ya riƙe takarda da sunan shafinku da kwanan watan ranar. Minti uku ne. Mai hoton da ya sato daga wani shafi ba zai ɗauki kiran ba, zai ce kyamararsa ta lalace ko yana wurin da babu sabis. Kun gane shi ke nan. Mai ɗakin haya kuwa a je a gani da ƙafa, garin nan bai fi ƙarfin acaba ba. In kun faɗaɗa, ku nemi mutum ɗaya sananne a Jega, ɗaya a Argungu, ɗaya a Yauri, ɗaya a Zuru, mai shago da kowa ya san wurin zamansa, ya riƙa ganin kaya yana karɓar la'adarsa. Wannan la'ada ita ce kuɗin da ya halatta ku nema da ƙarfin gwiwa, domin aiki kuka yi. Kuma duk tallar da ta ce gwanjon kwastan ne, ko mai kayan soja ne da aka yi wa canjin wurin aiki yana sauri, ku sauke ta ba tare da dogon bincike ba. Hukumar kwastan da kanta ta sha fitowa tana gargaɗi a kan masu amfani da sunanta haka.

Tambari kuma ku raba shi biyu, kada ku yarda su yi kama. Wanda ya biya don a ɗaga tallarsa a rubuta "tallar biya" ƙarara. Wanda kuka gani da idonku a rubuta abin da kuka gani da ranar da kuka gani: "mun ga babur ɗin da takardunsa". Kalmar "amintacce" kada ta fito daga bakinku a kan kowa.

Batun riƙe kuɗi a tsakiya shi ne mafi ƙarfi, amma a nan ku taka a hankali. Kada kuɗin jama'a su kwana a asusun ɗayanku. Ajiye kuɗin mutane sana'a ce mai lasisin Babban Banki, kuma ko ba doka, ranar da ciniki goma suka cakuɗe abota za ta ɓaci. Ku haɗa kai da kamfanin biyan kuɗi mai lasisi wanda yake da wannan tsari. Kafin ku kai nan, ku rubuta a saman kowace talla da manyan baƙaƙe cewa kada a tura ko sisi kafin a ga kaya, kuɗin mota ne ko kafin alƙalami, cinikin biri a sama ne. Mai sayarwa kuma kada ya saki kaya sai ya buɗe manhajar bankinsa ya ga kuɗin sun zauna. Ku yi wa shafin rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni. In za ku karɓi lambar NIN ko hoton katin mutane, ku sani akwai dokar kare bayanai ta 2023 a kanku, don haka ku karɓi iya abin da kuke buƙata, kada ya zauna a wayar da ƙannenku suke wasa da ita.

Su kuma mutum huɗun nan, kada ku bar su su kaɗai. Ku fitar musu da duk abin da kuke da shi: hoton tallar, layin da aka yi rajista da shi, ranar da lokacin da aka saka ta. Kowannensu ya je bankinsa da shaidar turawa ya rubuta koke, bankin ya sanar da bankin da ya karɓa, sannan ya kai rahoto wurin 'yan sanda, ko ofishin EFCC na shiyya da yake Sakkwato. Dokar damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara bakwai zuwa ashirin, babu zaɓin tara. Ba zan yi maka alkawarin kuɗin za su dawo ba, bayan wata biyu da wuya, domin a wannan harka awannin farko su ne komai. Amma toshe asusun yana hana a cuci na biyar da shi. Saboda haka ku sa lambar da ake ɗauka dare da rana a shafin, wanda aka cuta ya same ku cikin minti goma, ba washegari ba.

Tunda uku cikin huɗun a kan babur ne, daga nan za ku fara. Ku bar sauran rukunai yadda suke, ku sa kiran bidiyo da daidaita sunan asusu a kan babur da ɗakin haya kawai, na wata biyu. Ku sayi littafi na ɗari biyu ku riƙa rubuta talla nawa aka kawo, nawa suka ƙi ɗaukar kira, koke nawa ya shigo. In wata biyun ta cika, ku zauna ku uku da littafin a gabanku ku sake maganar ɗari biyar ɗin.